Birkin da ke laushi a hanya, ya warke da safe

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ina da Golf 3 'yar Kwatano da nake zuwa Kano da ita daga Daura. Da safe birkinta garau, amma kafin in kai Kazaure sai ya yi laushi, sai na yi famfo kafin ya kama. In motar ta kwana sai ya koma daidai. Bakanikena ya cire iska, ya ƙara mai, abin bai daina ba. Yanzu ya ce masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, za a canza. In saya?
Daga wani malamin firamare, Daura

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Riƙe kuɗinka tukuna.

Iskar da ta shiga layin birki ba ta san safe da rana ba. Da ita ce, tun a ƙofar gida za ka ji laushin. Birkin da ke saki in ya ɗau zafi, ya dawo in ya huce, mansa ne ke tafasa. Man birki ba ya matsuwa, shi ya sa duk ƙarfin ƙafarka ke isa taya. Da ya tafasa kuwa tururi ke tashi a cikin layi, shi kuma tururi yana matsuwa, sai ƙafa ta nutse ba abin da ya isa taya. In ya huce ya koma ruwa. Washegari bakanike ya taka ya ji tauri, ya ce lafiya lau.

Sabon man birki nau'in DOT 4, wanda shi ne na Golf ɗinka, ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Salshiyas. Amma man birki yana shan danshin iska a hankali, ta murfin tanki da ta tiyon roba. Ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba ya isa ya sauko da shi zuwa 155. DOT 3 daga 205 yake faɗowa 140. Dalilin da ya sa Volkswagen suka ce a juye shi duk shekara 2 ke nan. A garejina a nan Katsina, in na tambayi mai mota yaushe ya yi juyen man birki, kallona yake yi da mamaki. Baƙin mai kowa ya san lokacinsa, wannan kuwa ciko kawai ake yi. Buɗe tankin ka duba: sabo fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, tsoho kamar shayin da ya kwana a buta.

Sai dai abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne hanyar. Daga Daura zuwa Kazaure ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, babu gangaren da zai sa ka kwanta a kan birki. To daga ina zafin? Akwai tayar da birkinta ba ya saki gaba ɗaya, tana tafe tana guga.

Ka yi tafiyar kilomita 20 a sannu, ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da kowane wili. Kusa na ce, kada ka taɓa, yana ƙona fata. Wanda ya fi ɗan'uwansa na ɗaya gefen zafi, ko yake warin ƙauri, shi ne mai laifi. A ɗaga shi da jak tun da zafinsa, a juya tayar da hannu. In ta cije, a ɗan sassauta kan da ake cire iska. Tayar ta saki nan take? Matsin mai ne ya maƙale, galibi tiyon roba ne ya ruɓe daga ciki, yana barin mai ya tafi ba ya barin ya dawo, alhali daga waje kamar sabo. Ba ta saki ba? Fistin ɗin kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, ko fil ɗin da take zamewa a kansu ne suka cije. Ƙurar hunturunmu na shiga da zarar robar da ta rufe su ta yage. In zafin a baya yake, a duba wayar birkin hannu da daidaiton takalmin cikin diram. Tunda an ɗaga, a girgiza tayar sama da ƙasa, don boris mai wasa yana tura fistin baya, takun farko ya yi nisa.

Masta tana da nata gwajin, kuma kyauta ne. Mota a tsaye, inji na aiki, ka ɗora ƙafa da matsakaicin ƙarfi ka riƙe rabin minti. In birkin yana nutsewa a hankali, kuma babu yoyo a ko'ina, robobin cikinta sun gama aiki, bakaniken naka ya yi gaskiya. In ya tsaya cak, masta ba ta da laifi.

Bayan an gyara abin da ke riƙewa, a zubar da tsohon man duka, lita 1 ta wadatar. A fara fitar da shi ta tayar bayan dama, bayan hagu, gaban dama, sannan gaban hagu, har sai mai tsabta ya fito. Ka sayi robar man da ba a buɗe ba, da hannunka. Wadda aka buɗe aka ajiye a shago ta riga ta sha danshi. Kada a haɗa da DOT 5, na silikon ne. Man giya da baƙin mai kuwa kumbura robobi suke yi, ruwan sabulun da wasu direbobi ke zubawa a hanya kuma tun a digiri 100 yake tafasa.

Kafin a yi wannan aikin, Malam, ka hau motar haya zuwa Kano. In kuma ya same ka a hanya, ka yi famfo da sauri, ka riƙa rage giya, ka ja birkin hannu a hankali, ka sauka gefe. Kada ka watsa wa dis, wato faifan birki, ruwa, zai iya lanƙwashewa. Ka bar shi ya huce da kansa, sannan ka lallaɓa zuwa gareji mafi kusa.