Kwana Huɗu a Istanbul a Kujerar Bizines: Tambayoyin Ma'aurata daga Saudiyya

Wasiƙun wannan fitowar daga Jidda, Makka da Madina suka fi yawa, kuma kusan duk magana ɗaya suke: miji da mata suna son su fita shan iska na 'yan kwanaki, su hau ajin gaba na jirgi. Mun zaɓi shida.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki da wani kamfani a Jidda, iyalina na ƙarƙashin iƙamata. Bana shekararmu 10 da aure, ina so in kai uwargida Istanbul na kwana huɗu a bizines, ko da sau ɗaya ne a rayuwa. Kuɗin ya kusa ninka na ikonomi sau uku. Ya cancanci a kashe? (Magidanci, Jidda)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara danƙon ƙauna. Kafin ka biya ko riyal ɗaya, duba abu biyu: irin jirgin da aka sa a ranar, da lokacin tashinsa.

Daga Jidda zuwa Istanbul tafiyar awa huɗu ce ko ƙasa da haka kaɗan, kuma agogon Turkiyya ɗaya ne da na Saudiyya. A wannan hanya ana sa jirage iri biyu. Akwai ƙanana masu hanya guda a tsakiya, irin su Airbus A320 da A321. A yawancinsu kujerar bizines mai faɗi ce, biyu a dama biyu a hagu, tana kishingiɗa amma ba ta zama gado. Akwai kuma manya masu hanya biyu, irin su Boeing 787 da 777, inda kujera ke miƙewa mutum ya kwanta sosai. Airbus A330 kuwa sai an yi hattara da shi, domin akwai waɗanda aka shirya don gajeren zango, kujerunsu kishingiɗa kawai suke yi. Abin haushin shi ne farashin ba ya bambanta sosai, sai mutum ya biya kuɗin gado a ba shi kujera. Sunan jirgin yana nan a rubuce a manhajar kamfanin, kusa da lokacin tashi. Ka buɗe taswirar kujerun ma ka gani da idonka.

Taswirar nan tana da wani amfani ga ma'aurata. In tsarin ɗaya-biyu-ɗaya ne, kamar na 787, kujerun taga kowacce ita kaɗai ce, don haka ku ɗauki biyun tsakiya. Wanda ya ce shi da matarsa kowa sai ya samu taga, to haka za su sauka ba su yi hira ba. In kuma tsarin biyu-biyu-biyu ne ko biyu-uku-biyu, ku ɗauki biyun gefen taga, Hajiya ta shige ciki, babu baƙon da zai riƙa tsallaka ta. Kamfani na iya sauya jirgi daf da tafiya, kujerun da kuka zaɓa su wargaje, kuma muddin ajin bai canza ba ba a cika mayar da kuɗi ba. Ka sake leƙawa saura kwana biyu, ka kuma leƙa lokacin da aka buɗe yankar katin shiga jirgi ta intanet.

Banda kujera, kuɗinka zai saya maka layin awon kaya na daban, falon jira mai abinci da wurin salla (na Saudia sunansa Alfursan), shiga jirgi da wuri, da fitowar akwatuna a sahun farko. Saudia ba ta raba giya ko kaɗan, kuma manyan jiragenta na da wurin salla. Turkish Airlines ma abincinta halal ne.

Ra'ayinmu: in jirgin ƙarami ne kuma da rana zai tashi, ninki uku ya yi yawa a kan awa huɗu. Gara ka raba. Ku tafi a ikonomi, ku dawo a bizines a babban jirgi, musamman in na dare ne kuma da safe za ka wuce aiki. A lokacin ne kaya suka yi nauyi, jiki ya gaji. Rarar kuɗin ka zuba a otal mai kyau, inda za ku kwana huɗu. Ka sayi tikitin biyu a rajista ɗaya, sunaye harafi da harafi yadda suke a fasfo, kuma ku yi rajistar tara maki kafin tafiya, Alfursan na Saudia ko Miles&Smiles na Turkish, don makin bizines ya fi na ikonomi yawa nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Maigidana ya ce tikiti kawai za mu saya tunda muna da iƙama. Ni kuma na ji ana maganar kuruj wa auda. Waɗanne takardu ne dole? Fasfonmu na Najeriya ne. (Uwargida, Makka)

AMSA: Hajiya, gaskiyarki. Ki faɗa wa maigida cikin lalama cewa tikiti shi ne na ƙarshe a jeri. Iƙama izinin zama ce a Saudiyya, ba ta buɗe ƙofar Turkiyya. 'Yan ƙasar Saudiyya an ɗauke musu bizar yawon buɗe ido tun ƙarshen 2023, amma mai fasfon Najeriya sai ya nemi biza, kuma akwai ƙaramin ofishin jakadancin Turkiyya a Jidda. Abin da aka saba nema ya haɗa da fasfo, iƙama mai sauran wa'adi, takardar wurin aiki, bayanan asusun banki, shaidar kama otal da inshorar tafiya. Ku fara da wannan makonni kafin ranar da kuke so. Kada ku sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa alhali biza ba ta fito ba. Fasfo kuma ya zama da sauran aƙalla wata shida, don kauce wa gardama a wurin awo.

Sai kuruj wa auda, wato bizar fita da dawowa. Kowannenku da tasa. Ta shiga ɗaya riyal 200 ce har zuwa wata biyu, kowane ƙarin wata riyal 100. Ta shiga da yawa riyal 500 ce na wata uku, ƙarin wata riyal 200. Ta maigida ta wurin aikinsa take fitowa, ko ya nema da kansa ta Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, in yana cikin ma'aikatan da gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 ya shafa. Ma'aikatan gida, kamar direban gida, ba sa ciki, tasu a hannun kafili take. Taki kuwa maigida ne zai fitar daga Absher ɗinsa bayan ya biya kuɗin ta banki.

Abin da ya fi kawo cikas ga bizar guda uku ne: tarar laifin tuƙi da ba a biya ba, iƙamar da wa'adinta bai kai tsawon bizar ba, da fasfon da aka sabunta amma ba a mayar da bayanansa a Jawazat, hukumar fasfo ta Saudiyya, ba. Na ukun nan shi ne mugu, saboda sai an je gaban jami'i a filin jirgi ake ganewa, lambar fasfon hannu daban, ta kwamfuta daban. Kujerar bizines ba ta ceton kowa a nan. Ko da kwana huɗu za ku yi, ku ɗauki wata biyun cif, tunda kuɗin ɗaya ne, saboda rashin lafiya ko soke jirgi. In kuma tafiya ta fasa, a soke bizar kafin wa'adinta ya ƙare, in ba haka ba akwai tarar riyal 1,000. Ki sa kwafin takardar aurenku a jaka, ba ta da nauyi.

TAMBAYA: Daga Madina za mu hau jirgin ƙasa zuwa filin jirgin Jidda. An ce a bizines kaya ba su da iyaka. Haka ne? (Amarya, Madina)

AMSA: Ba haka ba ne, amarya. Abin da aka saba bayarwa a bizines na ƙasa da ƙasa a Saudia akwati biyu ne ga kowane mutum, kowanne kilo 32, kuma abin da ke rubuce a tikitinki shi ne hukunci. Kilo 32 iyakar akwati guda ce saboda masu ɗauka da hannu. In ɗaya ya kai 36 ɗaya kuma 20, ba a haɗa lissafi, buɗewa za a sa ki yi a gaban jama'a ki rage.

Jirgin ƙasa na Haramain yana da tasha a cikin sabon ginin filin jirgin Sarki Abdul'aziz, amma dokar kayansa ta fi ta jirgin sama tsauri: babban akwati ɗaya na kilo 25 da jakar hannu. A tafiya ba matsala, kayan kwana huɗu ba su da yawa. A dawowa ne, da tsarabar dangi, za ki ga kanki da akwati huɗu a bakin tasha. Ku shirya mota ta ɗauke ku. Turaren ruwa da humra duk kwalbar da ta wuce mililita 100 a sa ta a babban akwati, a naɗe da leda da tufafi. Batirin cajin waya kuma akasin haka, a jakar hannu yake tafiya. Sababbin kayan da kuka sayo in darajarsu ta wuce riyal 3,000 ana bayyana su ga kwastan a dawowa.

TAMBAYA: Hutuna Juma'a da Asabar ne, zan iya ƙara kwana biyu. Yaya za mu tsara, kuma a ina za mu sauka? (Ma'aikacin asibiti, Jidda)

AMSA: Malam, ka fara duba filin da za a sauke ku, domin biyu ne. Babban filin jirgin Istanbul, wanda aka koma cikinsa gaba ɗaya a 2019, yana ɓangaren Turai, kimanin kilomita 40 daga tsohon gari. Sabiha Gökçen yana ɓangaren Asiya, kuma jiragen rahusa da yawa can suke sauka. Ko wanne ne, ka ware awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a mota, fiye da haka da yamma. Mutane kan sauka a ɗaya, ranar komawa su nufi shi alhali tikitinsu na ɗayan ne.

Ga mai kwana huɗu, unguwar Sultanahmet ko Sirkeci ta fi, don Aya Sofiya, masallacin Sultan Ahmad da fadar Topkapı duk tafiyar ƙafa ce, taragon T1 kuma yana ratsa wurin. Ku sayi katin Istanbulkart, yana aiki a tarago, bas da jirgin ruwa. Ranaku su ne ke ɓata tsari: babbar kasuwa mai rufi ba ta buɗewa ran Lahadi, Topkapı kuma a rufe take ran Talata. To, in kun isa daren Alhamis, ku yi Juma'a a masallacin Eyüp Sultan inda kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari yake, ku je da wuri don cika yake yi. Asabar kasuwa. Lahadi Topkapı, ku ba sashen kayan tarihin Manzon Allah (SAW) lokaci, layinsa na da tsawo. Litinin ku hau jirgin ruwan haya daga Eminönü zuwa Üsküdar, ku ci abinci a Asiya ku dawo Turai. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma kallon da ake yi daga kansa bai gaza na jiragen 'yan yawon buɗe ido ba.

Wanda jikinsa ya saba da zafin Jidda kada ya raina sanyin can. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ruwa da iska, wani lokaci har ƙanƙara. Afrilu, Mayu, Satumba da Oktoba sun fi daɗin yawo.

TAMBAYA: Matata na da cikin wata shida da rabi. Tunda kujerar na kwanciya ce, za a bar ta? (Mai jiran ƙaruwa, Makka)

AMSA: Allah Ya raba lafiya. Doka ɗaya ce a gaba da bayan jirgi, kuma da mako ake ƙirga. A Turkish Airlines, daga mako na 28 sai da takardar likita mai cewa za ta iya tafiya, daga mako na 36 ba a ɗauka, mai tagwaye kuma daga na 32. Ka lissafa da ranar dawowa, domin tana iya fita ba takarda ta cika mako 28 a can. Likitanta ya fara amincewa, takardar ta zama da Turanci, kuma ka tabbata inshorar ta haɗa da juna biyu.

TAMBAYA: Na ga tikitin bizines mai sauƙi a wani shafin dillalai. Sannan katin bankina na Saudiyya, wato mada, zai yi mini aiki a can? (Ɗan kasuwa, Jidda)

AMSA: Alhaji, bizines ma hawa-hawa ne. Mafi araha yawanci ba a mayar da kuɗinsa, canjin rana kuma da tara. Ka karanta sharuɗɗan, ka duba ko kai-tsaye ne ko sai an yada zango a wani gari, don zangon awa shida ya cinye rabin yini daga cikin huɗun. Wasu dillalan kan rubuta bizines alhali ɓangare ɗaya na tafiyar ne kawai. In an samu matsala kuma kamfanin jirgi zai mayar da kai wurin dillalin da ya sayar maka. Ka sani kuma in kuka rasa jirgin tafiya ba ku sanar ba, na dawowa ma soke shi ake yi.

Katin mada mai tambarin Visa ko Mastercard yana aiki, amma ka buɗe masa amfani a ƙasashen waje ta manhajar bankinka kafin ka tashi, kuma layin wayarka na Saudiyya ya zama yana karɓar saƙo a can saboda lambar tabbatarwa. In na'urar biya ta tambaye ka riyal ko lira, zaɓi lira, canjin bankinka ya fi na na'urar sauƙi. A filin jirgi ka canza abin da zai kai ku otal kawai, sauran ka bari sai cikin gari.