Tambaya da Amsa: Wai da gaske ne Indiyawan daji sun ƙare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah gardama ce ta kaure tsakanina da yayana, tun muna yara muke ganin Indiyawan daji a fim ɗin kaboyi da gashin tsuntsu a ka suna ihu kan dawakai, shi ya ce wai daga ƙasar Indiya suka je Amurka kuma yanzu babu su Turawa sun karkashe su duka, ni kuma na ce ban yarda ba. Waye da gaskiya cikinmu?
Daga wani mai karatu a Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kai ne da gaskiya, amma kar ka yi wa yayan naka dariya domin akwai inda ya taɓo gaskiya mai ɗaci.

Mu fara da sunan, shi kansa kuskure ne. A 1492 wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Kolumbus ya taso daga Sifen yana neman hanyar Indiya ta yamma, jirginsa ya faɗa tsibiran Bahamas shi kuma ya ɗauka ya iso, sai ya kira mutanen da ya tarar Indiyawa, sunan ya bi su har yau. Ba su haɗa komai da ƙasar Indiya ba. Kakanninsu ta Saberiya suka tsallaka Alaska fiye da shekara 13,000 da suka wuce.

Kalmar "daji" ɗin nan kuma wallahi ita ta fi ci min rai. Lokacin da Sifaniyawa suka shiga Tenochtitlan a 1519, inda birnin Meziko yake yanzu, birni suka tarar a tsakiyar tafki da kasuwanni da gadoji da hanyar ruwan sha, ana ƙiyasta mutanensa sun kai 200,000, ya fi Landan ta wancan zamanin girma nesa ba kusa ba. Mutanen Maya na da rubutunsu da kalanda, sun san sifili a lissafi. Wani ɗan ƙabilar Cherokee ta Amurka mai suna Sequoyah shi kaɗai ya zauna ya ƙirƙiro wa harshensu haruffa a 1821, zuwa 1828 har jarida suke bugawa da shi. To ina daji a nan?

Kuma fa ka leƙa madafin gidanku. Masara, rogo, gyaɗa, dankali, tumatir, barkono, gwanda, abarba, duk waɗannan mutanen ne suka fara noma su, su suka mai da wata ciyawa ta zama masarar da muke tuƙa tuwo da ita, su suka gano yadda ake jiƙa rogo a matse dafinsa ya ciwu, sai bayan 1492 irin ya tsallako Afirka. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da ita asalin irinta daga Kudancin Amurka yake. Kullum guminsu na cikin tukunyarmu amma ko sunansu na gaskiya ba mu sani ba.

Shi kuwa dokin da kake gani a fim, Sifaniyawa ne suka kawo shi. Hular gashin tsuntsun ma ta wasu ƙabilu ce na filayen tsakiyar ƙasar irin su Lakota da Cheyenne, kuma ba kowa ke sa ta ba sai wanda ya cancanta, kamar dai rawanin sarauta a wajenmu. A Amurka kaɗai gwamnati ta amince da ƙabilu sama da 570, kowacce da al'adarta.

Yanzu inda yayanka ya taɓo gaskiya. An kashe su, sosai ma. Agana da ƙyanda da Turawa suka zo da su sun share garuruwa sukutum saboda jikinsu bai taɓa sanin cutar ba, ga yaƙi ga ƙwacen ƙasa. A 1830 shugaban Amurka Andrew Jackson ya sa hannu a dokar tashinsu daga gonakinsu, a 1838 aka kora 'yan Cherokee zuwa yamma wajen Oklahoma, kusan 4,000 suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Daga baya aka koma raba yara da iyayensu ana kai su makarantun kwana, a aske musu gashi a canza musu suna, wanda ya yi magana da harshen uwarsa ya sha duka, ka yi tunanin a ɗauke maka ɗa ya dawo bayan shekaru ba ya iya gaida kakarsa. A Kanada irin makarantun nan sai wajen ƙarshen shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Kai, mutanen da aka tarar a ƙasarsu sai a 1924 aka ba su duka shaidar zama 'yan ƙasar Amurka.

Amma ba su ƙare ba. A ƙidayar Amurka ta 2020 mutum miliyan 9.7 ne suka ce suna da wannan jinin, mafi yawansu ma a birane suke, likitoci da lauyoyi da direbobi da masu fama da talauci kamar kowa. Yankin ƙabilar Navajo da ke cikin Amurka girmansa ya kai na jihar Borno, da shugabansu da majalisa da 'yan sanda. Deb Haaland 'yar ƙabilar Laguna Pueblo ta zama ministar harkokin cikin gida ta Amurka a 2021, Evo Morales ɗan ƙabilar Aymara ya hau mulkin Bolibiya a 2006, a Paraguwai kuwa harshen Guarani harshen gwamnati ne kafaɗa da kafaɗa da Sifaniyanci.

Idan za ku ambace su ku ce 'yan asalin Amurka, in kun san ƙabilar ku kira ta da sunanta ya fi, su Navajo ma Diné suke kiran kansu wato mutane. A gaida min yayan naka, in yana da sauran tambaya ya rubuto da kansa.