Amsa kan batun toshe bakunan magudanar najasa

Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena, na saurari tambayarka, wai me zai hana a toshe bakunan nan da ke kwararar da ruwan najasa cikin kogi kowa ya huta. Ni dai na san inda ka dosa, so kake ka ce biliyoyin da ake zubawa wajen magance ambaliyar najasa ɓarna ce tunda siminti zai iya aikin. To ba zai iya ba.

Ka ga tsofaffin biranen nan, bututu ɗaya suka shimfiɗa. Ruwan bayan gida, na wanka, da ruwan saman da ya gangaro daga titi, duk hanya ɗaya suke bi zuwa matata, wato inda ake tsabtace najasa. Ranar da garin yake a bushe, lafiya lau. In aka tafka ruwa bututun ya cika, akwai 'yar katanga a ciki, ruwan ya haura ta ya faɗa kogi. Da gangan aka gina shi haka. Ka toshe bakin, ruwan baya zai koma, ya ɗaga murafan ramukan titi, ya ɓullo ta masan mutane cikin gidajensu. Ka tura shi duka matata kuma, ya wanke ƙwayoyin halittar da ke cinye ƙazantar ya tafi da su.

Wani zai ce a raba bututun biyu. Ana yi, sababbin unguwanni ma haka ake gina su. Amma a tsohon birni sai an farke kowane titi an bi gida gida.

Shi ya sa ake komawa ga ajiya, a riƙe najasar har ruwan sama ya ɗauke, sannan a tura ta matata a hankali. Landan, magudanar da injiniya Bazalgette ya gina bayan mugun warin da najasa ta tayar a birnin a 1858, mutum miliyan 4 aka yi wa lissafi, yau sun doshi miliyan 9. Sai da suka haƙa ramin Tideway, kilomita 25, faɗinsa mita 7.2, aka gama haɗa shi a 2025. Faris ta gina tafkin ƙarƙashin ƙasa a Austerlitz mai cin mita kubik 50,000 saboda wasannin Olamfik na 2024, amma da ruwa ya sauka sai da aka ɗage gasar maza da za a yi iyo a kogin Sen. Ba wai tafkin bai yi amfani ba fa, kar a ce na ce, yana da iyakar abin da zai ɗauka ne.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, kowa rami yake so ya buɗe a ɗauki hoto, ba mai son biyan kuɗin yasa. A 2017 an tarar da dunƙulen kitse da tishun goge jarirai a magudanar unguwar Whitechapel ta Landan, tan 130, tsawon mita 250, ya daskare sai da aka riƙa farfasa shi. Ni da idona na ga irin wannan a wata tashar tura ruwa da na yi aiki. Ragar da ke tace shara ta toshe, tishun nan ya nannaɗe ya zama igiya, ma'aikata na janyo shi da manjagara, injin na gurnani. Mun yi ta rubuta takarda a ba mu kuɗin gyara, kullum sai a ce baɗi. Baɗin nan har na bar wurin bai zo ba. Bututun da rabinsa ya cika da yashi da kitse, ai yayyafi ma ya isa ya sa shi ambaliya, sannan a ce laifin ruwan sama ne.

Akwai kuma hanyar rage ruwan tun daga sama, irin abin da birnin Filadelfiya na Amurka ya fara a 2011, lambuna da daɓen da ke shanye ruwa... wannan dai sai wata muryar.

Kai dai in rahoto ya zo hannunka, duba sau nawa kowane baki ya zubar a shekara, sannan ka duba ko ya taɓa zubarwa ranar da ba a yi ruwa ba. A Amurka wannan doka ta hana shi ɗungum. In ka ga haka, a fara aika masu yasa tukuna.