Tambayoyinku kan fasaha: In ƙara kuɗi don mota ta riƙa tuƙa kanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Houston ne a Amurka, ina shirin ɗaukar motar lantarki Tesla Model Y, to sai ga wannan tsarin nasu na Full Self-Driving, wato na mota ta tuƙa kanta, da ake biya daban, wasu abokaina na cewa in saka wasu kuma sun ce asarar kuɗi ce kawai. Wurin aikina da nisa, kullum ina kan babbar hanya. Meye shawararka?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka fara cire wa ranka cewa za ka kwantar da kujera ka yi barci mota ta kai ka ofis, ba a zo wurin ba tukuna. Injiniyoyin motoci sun raba tuƙin kai mataki-mataki daga 0 zuwa 5, kuma wannan da Tesla ke sayar wa mutane a mataki na 2 yake, wato motar na juya sitiyari, tana taka birki, tana canza layi, tana tsayawa a danja har ta sha kwana da kanta, amma a idon doka kai ne direba, in ta gogi motar wani kai ɗan sanda da kamfanin inshora za su riƙe. Akwai ma wata ƴar kyamara a saman madubin ciki da ke kallon idonka, ka sunkuya kan waya ta yi maka kuka, in ka maimaita ta kashe tsarin sai ka tsaya. Kamar dai ka ba yaron mota sitiyari ne kana zaune a gefe, ya iya ɗin, amma ba ka isa ka runtsa ba. Motocin kamfanin Waymo da kake gani a bidiyo ba kowa a kujerar direba a Phoenix da San Francisco, waɗancan mataki na 4 ne kuma na haya ne, ba sayar da su ake ba.

Sai maganar kuɗi, nan ne nake so ka nutsu. A 2022 farashin sayen tsarin a dunƙule ya kai dala 15,000, a 2023 ya dawo 12,000, a watan Afrilun 2024 ya sauko 8,000, na wata-wata kuma aka rage shi daga dala 199 zuwa 99. Wanda ya zuba 15,000 ɗin nan ka ga ai ya ji a jikinsa. A farashin 2024 ɗin, ka raba 8,000 da 99, zai ba ka wata 80 da ɗoriya, kusan shekara bakwai kenan mai biyan wata-wata na biya kafin ya kamo wanda ya biya a dunƙule. Ga shi tsarin da aka saya a dunƙule a jikin motar yake ba a jikin mai ita ba, ranar da aka sayar da ita ya bi ta, sai dai wanda ya dace da lokacin da kamfanin ya buɗe damar mayar da shi kan sabuwa, shi ma jefi-jefi suka yi.

Kar kuma ka biya don alkawarin gobe. Tun 2019 Elon Musk, shugaban Tesla, ya ce zuwa 2020 za a samu motocin haya miliyan ɗaya masu tuƙa kansu a kan titi, 2020 ta zo ta wuce. A farkon 2025 kuma shi da bakinsa ya yarda cewa sai an canza kwamfutar cikin tsofaffin motocin, wacce suke kira Hardware 3, ga waɗanda suka riga suka biya kuɗin tsarin, kafin motocin su iya tuƙa kansu ba tare da direba ba.

Ni dai abin da zan ce, ka ɗauki motar haka nan, ka fara da abin da take zuwa da shi na riƙe gudu da barin tazara tsakaninka da motar gaba, wanda shi kaɗai yana rage gajiyar ƙafa sosai a gosulo. In bai ishe ka ba ka kunna na wata ɗaya, ka gwada shi a hanyar aikinka, da rana da dare da lokacin ruwa tunda Houston ba a raba ta da ruwan sama, ka lura sau nawa ka ƙwace sitiyarin. In ka ga kana isa gida ba a gajiye ba ka ci gaba da biya, in kuwa gabanka faɗuwa yake ta yi a duk mahaɗa sai ka soke, kuɗin wata ɗaya ne kawai ya tafi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Wani dila a Abuja zai sayar min da Tesla ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka, ya ɗora kuɗi a kai wai tana da Full Self-Driving. In biya?

AMSA: Alhaji ko kwabo kar ka ƙara saboda wannan. Tesla ba ta buɗe tsarin a Najeriya ba, ba ta ma da wurin gyara nata a ƙasar, kuma tun 2021 suka fara cire rada, na'urar da ke gano abin da ke gaban mota, suka dogara da kyamarori zalla, zanen titi da alamun hanya kuwa suna cikin abin da kyamara ke bi. To a ina za ta ga farin layi a yawancin titunanmu, balle in hazo ya sauko ƙura ta rufe gilashin, ga ɗan acaba ya kutso ta dama a daidaita sahu ya tsaya ɗaukar fasinja a tsakiyar hanya.

Sannan ka tambaye shi shin saye aka yi ko na wata-wata ne, don in na wata ne da mai ita na farko ya daina biya shikenan ya ɗauke. Ka shiga motar da kanka, a allon ka taɓa Controls sannan Software, za ka ga abin da ke kanta a rubuce. Kuɗin da zai ƙara maka ɗin gara ka kashe shi wajen sa a duba maka lafiyar batir da tarihin motar ta lambar VIN, wato lambar shaidar da ke jikin motar, don da yawa daga gwanjon motocin haɗari ake kwaso su, sauran kuma ka haɗa wurin caji mai kyau a gida.