Yadda za ka yanka plexi ba tare da ya tsage ba

Ɗan'uwa, ka ce plexin nan, robar da ke kama da gilashi, da ka sayo a kasuwar Katako ta Yamai don tagar shago yana tsagewa da ka sa masa zarto. Zarton katako ne matsalar, haƙoransa sun yi girma.

In kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, zarto ma bai zama dole ba. Kada ka ɓare ledar da ke jikinsa. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan layin, ka yi ta jan wuƙa mai kaifi har ta yi rami sosai, sannan ka daidaita layin da bakin tebur ka danna da ƙarfi sau ɗaya. Zai karye tas. Mai kauri kuwa, zarton ƙarfe za ka sa, a hankali, don gaggawa tana narkar da bakin ya sake mannewa.

Wajen hudawa aka fi yin asara. Sa katako a ƙarƙashi, kada ka danne injin, kuma ramin ya ɗan fi sukurun faɗi, domin zafin Yamai yana buɗa robar, in ta rasa wurin motsi ta tsage. Kada ka goge shi da fetur ko tina, ruwa da sabulu sun isa.

Haruffa ko da'ira kuwa, kai wa masu yin allunan talla, suna da injin leza.