Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Wuta-wuta Ke Cin Wani Waken Ta Bar Wani?

Tambaya: Gonata da ta maƙwabcina iyaka ce kawai ta raba su, amma bana wuta-wuta ta cinye wakena, nasa kuwa ko gezau bai yi ba. Shin tsiro ma yana da garkuwar jiki kamar mutum? Daga wani manomi a Bichi.

Amsa: Malam, Allah Ya mayar maka da alheri. Tsiro yana da garkuwa, sai dai ba shi da jini da zai kai ɗauki, saboda haka kowace ƙwayar jikinsa ita ke tsaron kanta, kuma ƙwayoyin gado da ke cikin iri su ne ke tsara wannan tsaro. Aikinsu na farko shi ne gane maƙiyi. Wani masani a Amurka mai suna Harold Flor ya nuna tun a shekarun 1940, a kan cutar tsatsa, cewa tsiro ba ya kare kansa sai yana da ƙwayar gadon da za ta gane wata alama ta musamman a jikin cutar.

Haka abin yake tsakanin wake da wuta-wuta. Idan ta manne wa saiwar waken da ya gane ta, ƙwayoyin jikin saiwar da ke daidai wurin sukan mutu, wurin ya yi duhu kamar ƙuna, sai ɗan tsiron wuta-wutar ya rasa ruwa da abinci ya bushe tun yana ƙarƙashin ƙasa. Waken da bai gane ta ba kuwa, barinta yake yi ta zuƙe shi har ganyensa ya yi rawaya. A 2009 masana suka ware ƙwayar gado guda da ke wannan aiki a cikin wani wake ɗan asalin Botswana da ake kira B301, wadda ke gane jinsin wuta-wutar da ya addabi Najeriya da Nijar. Akwai kuma iri masu juriya a hannun manoma, kamar SAMPEA 10, wanda cibiyoyin binciken aikin gona na IITA da na Samaru suka samar, kuma ina zaton irin wannan maƙwabcinka ya shuka.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, wannan kariya tana da iyaka, domin B301 ɗin da kansa ya gaza a gaban wani jinsin wuta-wuta na yankin Zakpota a Jamhuriyar Benin. Don haka ka tambayi malamin gona irin da aka gwada a yankinku, kuma ko ka samu, ka ci gaba da tuge wuta-wuta kafin ta zubar da 'ya'ya, domin 'ya'yanta kan yi shekaru a ƙasa suna jiran wake.