Ku Tambayi Malama: Na nemi likitanci, an ba ni ilimin tsirrai

Tambaya: Malama, likitanci na nema, jami'a ta ba ni ilimin tsirrai. Babana ya ce in karɓa, ni kuwa zuciyata tana wajen magani. Akwai hanyar da ta haɗa su, ko in sake jarrabawa baɗi? Daga wata ɗaliba a Funtuwa.

Amsa: 'Yata, akwai hanya, sai dai ba ta asibiti ba ce, ta ɗakin bincike ce. Bari in ba ki labarin Farfesa Julian Ma na Landan. Shi likitan haƙori ne, a asibitin Guy's ya yi karatu, kuma abin da ya dame shi ƙwayar bakteriyar da ke ruɓar da haƙori. Jikinmu yana ƙera wani furotin da ake kira antibodi, wanda ke gane ƙwayar cuta ya manne mata. Tun 1975 wasu masana biyu, Köhler da Milstein, suka gano yadda za a samar da iri ɗaya tak da yawa ta hanyar renon ƙwayoyin halittar jikin dabba, amma renon nasu a manyan tankuna yana cin kuɗi ba kaɗan ba. A 1989 Andrew Hiatt, a cibiyar Scripps ta Kalifoniya, ya nuna cewa ganyen taba ma yana iya ƙera shi. Can Farfesa Ma ya tafi ya koyi aikin, kuma a 1995 suka fitar da antibodi na bakteriyar haƙori daga taba. Da aka shafa wa masu sa kai a haƙora, ƙwayar ta yi watanni ba ta dawo ba. Kin ga, shi daga asibiti ya gangaro zuwa inda aka ajiye ki.

Kada wani ya ji wannan ya ce zuƙar taba magani ce. Tsiron masana'anta ce kawai. Wata 'yar uwar taba ta ƙasar Ostireliya aka fi amfani da ita. Ana dulmiya ganyenta cikin ruwa mai ɗauke da bakteriyar da aka ɗora wa umarnin ƙera maganin, bayan kamar mako guda a yanke, a niƙa, a tace har sai furotin zalla ya rage. Tacewar nan ita ce mai wuya, ita ke cinye kuɗin.

Haka aka yi ZMapp, maganin Ebola mai haɗin antibodi uku da aka noma a Kentaki ta Amurka, aka ba ma'aikatan agaji Amurkawa biyu da suka kamu a Laberiya a 2014. Sun rayu, duniya ta ɗauka. Amma da aka gwada shi sosai a Kwango, a 2019 aka daina ba da shi, domin wasu magunguna biyu da ba a tsiro aka yi su ba sun fi shi ceton rai. Ina faɗa miki ne don masu tallar fannin ba su cika ambaton wannan ba.

Idan marar lafiya kike son taɓawa da hannunki, sake jarrabawar, babu laifi. Idan kuwa maganin ne ya ja ki, ki zauna inda kike, ki riƙe darasin ilimin gadon halitta da na sinadaran halitta da kyau, kada ki tsaya a haddar sunayen itatuwa. Lokacin koyon aiki ki nemi cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya. Can tawagar Farfesa Mohammad Ishiyaku ta fitar da wake SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a 2019, kuma irin bakteriyar nan da ake dulmiya ganyen taba cikin ruwanta ce aka shigar masa da umarnin jure tsutsar da ita. Bayan digiri za ki buƙaci na biyu a ilimin garkuwar jiki, kafin nan ki fara tara takardun neman tallafin karatu. Ki gaida Baba.